Zancen Zongo: Kyamara Ta Samu, Saura Maigida

A wannan karo za mu tattauna ne a kan wata sana'a wadda kowa yake ganin da ita aka haife shi, alhali kuwa ƙalilan ne daga cikin yaranmu suka taɓa zama gaban wani ya koya musu ita, wato sana'ar ɗaukar hoto.

Duk wanda ya zaga Zongon Kumasi ranar Sallah, daga Aboabo zuwa Asawase, daga Yalwa zuwa Sabon Zongo da Akwatia Line da Sawaba, zai ga cewa da wuya a sami saurayi ko budurwar da ba ta riƙe da waya mai kyamara. Kafin a sauko daga idi an ɗauki hotunan da suka fi yawan waɗanda kakanninmu suka ɗauka a tsawon rayuwarsu. To, amma a dawo bayan shekara guda a nemi ko ɗaya daga cikinsu. Za a ce wayar ta faɗa ruwa, ko an sace ta a kasuwa, ko kuwa ta cika an share. A ɗaya ɓangaren kuma, idan wata jarida ko gidan talabijin na neman hoton Zongo, abin da aka saba nunawa shi ne kwata da bola da ambaliya, ko samari suna ta da jijiyar wuya lokacin zaɓe. Waɗannan abubuwa akwai su, ba mu musa ba. Sai dai wanda ya shigo unguwa da hantsi ya fita kafin azahar, abin da ke bakin titi kaɗai zai gani. Ba zai ga tsohuwar da ta riƙe marayu da ribar koko da ƙosai ba, ba zai ga malamin da ya tsufa a zaure yana biya wa yara allo ba, balle ya ga yadda ake haɗa gudummawa cikin dare idan an yi rasuwa a gidan da ba shi da hali.

Ra'ayinmu a nan shi ne, kyamara dai ta riga ta samu, ta shiga kowane gida ba tare da an gayyace ta ba. Abin da ya rage shi ne maigida, wato babba wanda ya san aikin, wanda zai zauna da yaro shekara da shekaru yana gyara masa hannu da ido da ɗabi'a, kamar yadda ake yi a shagon tela ko a garejin makaniki.

Kafin mu shiga batun koyo, bari mu ɗan waiwaya mu ga su wa suka riƙa ɗaukar hotonmu tun farko. Kakanninmu sun san hanyar Gwanja tun kafin zuwan Bature, suna kawo tufafi da fatu da kanwa, suna komawa da goro daga kasuwar Salaga. Bayan yaƙin basasar da aka yi a Salaga cikin shekarar 1892 fatake suka watsu zuwa wasu garuruwa, sa'an nan da Turawan Ingila suka shiga Kumasi a 1896 suka tafi da Sarkin Tonawa Prempeh na Ɗaya, musamman kuma bayan yaƙin 1900, sai zangon baƙi ya yi ta bunƙasa har ya zama wannan Zongo da muke ciki. A wancan zamani kyamara tana hannun ɗan mishan ne da jami'in gwamnatin mulkin mallaka. Fritz Ramseyer, ɗan mishan ɗin Basel wanda aka tsare a Kumasi daga baya kuma ya dawo ya zauna a 1896, ya ɗauki hotuna da dama. Haka nan Kyaftin Rattray, wanda ya buga littafin tatsuniyoyi da al'adun Hausa a 1913 daga abin da Malam Shaihu ya rubuta masa a nan ƙasar, shi ma ya bar tarin hotuna. Yau waɗancan hotuna suna ajiye ne a Basel ta ƙasar Suwizalan da Oxford ta ƙasar Ingila.

Wanda ya duba irin hotunan wancan zamani zai riƙa cin karo da mutum mai rawani da babbar riga, an rubuta a ƙasansa cewa Bahaushe ne ɗan kasuwa, ko sojan Hausa ne, shi ke nan. Babu sunansa, babu sunan ubansa, babu garin da ya fito. Wataƙila ma kakan wani ne daga cikin masu karanta wannan shafi. Wanda ya ɗauki hoton bai ga dalilin tambayar sunansa ba, domin iri yake nema ya nuna wa mutanensu can gida. Ɗan unguwa kuwa ba zai yi haka ba, don ya san mutumin, ya san gidansu, in bai sani ba ya san wanda zai tambaya.

Ta fuskar alƙalami an ɗan sami ci gaba. A shekarar 1978 wata Ba'amurkiya mai suna Enid Schildkrout ta buga littafi a kan mutanen Zongon Kumasi mai suna People of the Zongo, sa'an nan a 2005 ɗanmu na nan Kumasi, Mohammed Naseehu Ali, ya fitar da nasa littafin gajerun labarai mai suna The Prophet of Zongo Street, inda ɗan gida ya ba da labarin gida. Abin da muke fata shi ne a sami irin wannan ta fuskar kyamara, kuma hakan ba zai faɗo daga sama ba, sai an koya.

To, yaya manyan masu hoto na wannan yanki suka koyi aikin? Mu ɗauki James Barnor, wanda aka haifa a Ankara a 1929. Yaron shago ya fara zama a wurin wani ɗan'uwansa mai hoto, Mista Dodoo, ya yi shekaru yana share ɗaki yana wanke fim kafin jaridar Daily Graphic ta ɗauke shi aiki da aka kafa ta a 1950. Daga baya ya buɗe nasa shagon mai suna Ever Young a unguwar Jamestown, ya tafi Ingila a 1959, ya dawo wajen 1970 ya kafa wurin wanke hoto mai kala na farko a Gana. A shekarar 2021, yana da shekara fiye da 90, aka yi gagarumin baje kolin ayyukansa a Landan. Mu ɗauki kuma Madam Felicia Abban, mace ta farko da ta riƙi hoto sana'a a ƙasar nan. Tana da shekara 14 ta fara koyo a shagon mahaifinta a Sekondi, ta zo ta buɗe nata a Ankara, ta yi wa Shugaba Kwame Nkrumah aiki, ta kuma yaye yara da yawa. An kai hotunanta babban bikin fasaha na birnin Venice a ƙasar Italiya a 2019, ta rasu a farkon 2024. A can Bamako ma, Malick Sidibé zane ya fara yi, har wani Bafaranshe mai shagon hoto ya ɗauke shi a 1955 ya yi masa ado a shago, daga nan ya zama yaronsa, kuma a 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta wancan biki na Venice.

Dukkan mutanen nan uku hanya ɗaya suka bi, kuma hanya ce da mu mutanen Zongo muka fi kowa saninta. Ita ce hanyar da ake kai yaro Suame Magazine da goro da ɗan abin hasafi a damƙa shi hannun masta, ya fara da miƙa sifana, sai bayan shekaru a yaye shi a yi masa addu'a. Ita ce kuma hanyar da masu horar da ƙananan 'yan ƙwallo suke bi a filayen unguwa, wadda kulob irin King Faisal na Alhaji Grunsah ya daɗe yana cin moriyarta. Ashe ba wani baƙon abu muke kira a yi ba.

A wasu ƙasashe an gwada koya wa yaran unguwannin talakawa hoto a tsare, kuma akwai darasi a cikin abin da ya faru. A shekarar 1997, a unguwar Mathare ta birnin Nairobi a ƙasar Kenya, wata mai hoto Ba'amurkiya, Lana Wong, ta haɗa kai da ƙungiyar wasannin matasan unguwar suka fara wani shiri mai suna Shootback. An zaɓi yara maza da mata wajen 30, aka ba su ƙananan kyamarorin roba masu araha, ana haɗuwa da su a kai a kai ana duba abin da suka ɗauko, suna kuma rubuta bayaninsa da hannunsu. A 1999 aka buga littafin hotunansu, aka baje su a ƙasashen waje. Abin da ya fi burge mu shi ne abin da ya biyo baya. Ɗaya daga cikin yaran, Julius Mwelu, ya zama ƙwararren mai hoton jarida, sa'an nan ya kafa tasa gidauniyar a cikin Mathare ɗin yana koya wa na bayansa. Dalilin ɗorewar abin a ganinmu shi ne an dasa shi ne a jikin ƙungiyar da take da saiwa a unguwa tun kafin zuwan baƙuwar, ta kuma ci gaba bayan tafiyarta.

A birnin Kalkata na ƙasar Indiya kuma, wata mai hoto, Zana Briski, ta koya wa 'ya'yan mata masu zaman kansu ɗaukar hoto, aka yi fim a kan aikin a 2004, ya ci babbar lambar Oscar a 2005. Duniya ta yi ta tafi. Amma fim ɗin da kansa ya nuna a ƙarshe cewa wasu daga cikin yaran da aka sama wa makarantar kwana ba su daɗe a can ba, an komar da su gida ko sun koma da kansu. Darasin a fili yake. Idan ba a tafi da iyaye da dangi ba, duk kyawun niyyar mai taimako, aikin rabi zai tsaya. A Afirka ta Kudu kuwa, makarantar da David Goldblatt ya kafa a Johannesburg a 1989 domin koya wa baƙaƙen fata hoto a zamanin wariyar launin fata, ta yaye ƙwararru da yawa, saboda gida aka yi mata na dindindin, da malamai da tsarin karatu.

Wannan ya sa muke jan kunnen kanmu game da irin bitar nan ta kwana uku ko mako guda, wadda za a zo da motoci da riguna masu tambari, a raba wa yara kyamara, a ɗauki hotonsu suna riƙe da ita, a ba su takardar shaida, a kwashe kayan a tafi. Ba mu raina ta ba, kome ƙanƙantar alheri alheri ne. Amma bita ba ta yin mai sana'a, kamar yadda kallon kitso ba ya sa a iya kitso.

A nan gida Gana ƙofofi sun fara buɗewa. A watan Disamba na 2022 wani matashin mai hoto, Paul Ninson, ya buɗe cibiyar Dikan a Ankara, da littattafan hoto fiye da 30,000 da ya tattaro daga Amurka, kuma ana ba da horo a can. A Tamale akwai Nuku Studio da Nii Obodai ya assasa domin koyo da binciken hoto, ga kuma cibiyoyin fasaha da Ibrahim Mahama ya gina a garin tun daga 2019, inda 'yan makaranta suke zuwa gani da koyo. A Nima, 'yan'uwanmu matasan Zongo sun kafa ƙungiyar Nima Muhinmanchi Art suna koya wa yara zane suna ƙawata bangon unguwa. Mu kuwa a Kumasi, jami'ar KNUST, wadda ke koyar da zane da hoto, kuma a cikinta Ibrahim Mahama ya yi karatu, tana nan daf da Zongon Ayigya, titi ne kawai tsakani. Rijiya na ƙofar gida, guga ne babu.

Wani zai ce, me maigida zai koya wa yaron da tun yana goye yake danna waya? Bari mu ba da misali guda. Ranar Sallah da hantsi, a tsaida dattijo baƙi cikin farar shadda a tsakiyar rana a ɗauke shi. Kyamara tana auna hasken wuri ne gaba ɗaya ta nemi tsaka-tsaki, saboda haka idan farin riga ya cika mata ido sai ta rage haske, fuskar mutumin ta koma duhu, ga kuma inuwar hula ta rufe idanu. Yaron da ba a koya masa ba zai ce wayar ce ba ta da kyau. Wanda ya zauna da maigida kuwa zai janyo dattijon zuwa inuwar zaure, ya juya fuskarsa wajen ƙofa inda haske ke shigowa a hankali, ya sa kyamarar ta auna fuska maimakon riga. Zai san cewa hasken sassafe da na bayan la'asar sun fi na tsakar rana taushi. Zai duba abin da ke bayan mutum kafin ya danna, kada sandar lantarki ta fito kamar daga kansa ta tsiro. Zai durƙusa idan ƙaramin yaro zai ɗauka, ya kuma iya jira, don sau da yawa hoton kirki yana zuwa ne bayan mutum ya gaji da gyara tsayuwa ya koma kamanninsa.

Bayan ido sai alƙalami. Kowane hoto sai an rubuta masa abu huɗu: wane ne, a ina ne, yaushe ne, me ake yi. Yaron da aka tilasta wa wannan zai koyi tambaya cikin ladabi, zai koyi rubutu da Hausa da Turanci, wanda ya yi allo ma ya ƙara da ajami. Bayan alƙalami sai ajiya, wato a zaɓi masu kyau a wanke su a takarda, sauran a adana su a wuri biyu dabam-dabam. Sa'an nan sai lissafi, yadda ake yanka farashin aikin suna da na aure, da cire kuɗin wanki da na mota, da cika alkawari ranar da aka ce a zo a karɓa. Da yawan masu sana'a rashin cika alkawari ne ya kashe musu kasuwa, ba rashin gwaninta ba.

Mafi girma duka ita ce ɗabi'a, kuma a nan ne za mu taɓo abin da muka san yana ran iyaye da yawa. Malamanmu sun daɗe suna tattauna hukuncin hoto, akwai kuma saɓani a tsakaninsu, musamman wajen bambanta sassaƙa da zanen hannu da hoton kyamara. Wannan shafi ba zauren fatawa ba ne, kowane uba ya tuntuɓi malaminsa, wanda kuma ya ga bai natsu ba kada a matsa masa. Abin da muka sani dai shi ne ba a zuwa Makka sai da hoton fasfo, ba a samun katin ɗan ƙasa ko na asibiti ko shiga jarrabawa sai da hoto, kuma wayoyin nan suna hannun yaranmu ko mun so ko mun ƙi. Hatsarin da ke gabanmu yau shi ne yaron da ke ɗaukar matar aure ba da saninta ba, ko wanda ke tsayawa ɗaukar wanda mota ta buge maimakon ya taimaka, ko mai watsa hoton gawa a WhatsApp tun kafin a sanar da iyalinta. Maigida na kirki shi ne zai koya wa yaro cewa sallama tana gaba da kyamara, a nemi izini, in an hana a haƙura, kuma akwai wuraren da ake mai da kyamara cikin jaka. Ya kamata yaran su san cewa hukuma ma ba ta yi shiru ba, domin dokar tsaron intanet ta 2020 ta tanadi hukunci mai tsanani ga mai ɗauka ko watsa hoton tsiraicin yaro, da mai watsa hoton sirrin wani ba da yardarsa ba.

Batun makaranta kuma, kada wani ya fahimce mu a karkace. Dokar Yara ta 1998 ta ce ba a ɗaukar yaro koyon sana'a wurin mai sana'a sai ya kai shekara 15 ko ya gama karatun matakin farko. Saboda haka ga 'yan ƙasa da haka, abin da muke nufi shi ne zama na awa biyu ko uku a mako, misali ranar Lahadi bayan la'asar idan an tashi daga makarantar Islamiyya, da sharaɗin cewa wanda ya yi wasa da boko ko allo za a karɓe kyamarar. Wanda ya gama ƙaramar sakandare ya ga nan zuciyarsa ta karkata, shi ne za a damƙa wa shago sosai, ko a taimaka masa ya ɗauki fannin zane a babbar sakandare har ya kai jami'a.

Kada kuma a bar 'yan mata a baya. Rabin rayuwar Zongo a cikin gida take, wurin sa lalle da wankan amarya da kitso da girkin suna, inda namiji baƙo ba shi da hurumin shiga. Iyaye mata da yawa za su fi sakin jiki idan mace ce 'yar unguwa ke riƙe da kyamarar, kuma wannan kasuwa ce babba wadda mai ita za ta iya ci gaba da yi ko bayan ta yi aure. Sai dai a sama musu malama mace, in ba a samu ba a tabbata akwai uwa ko yaya a wurin kowane zama. Ko ga maza ma, ƙa'ida ita ce kada babba ya keɓe da yaro shi kaɗai, kuma kada a ɗauki kowa sai da yardar iyayensa.

Aikin farko da za mu so a ba waɗannan yara ba ya bukatar ko sisin kwabo. A tura kowannensu wurin kakarsa ta buɗe masa akwati ko adaka. A gidajenmu akwai hotunan da aka ɗauka tun zamanin mai hoton akwatin katako, wanda ke sa kansa cikin baƙin ƙyalle, akwai na alhazan da suka tafi Makka ta ƙasa, da na tsofaffin sojan da suka je Bama, da na 'yan'uwan da suka bar ƙasar nan bayan dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a watan Nuwamba na 1969, lokacin da aka ba mutane mako biyu su tattara nasu ya nasu. Dubban mutane sun tafi, an raba wa da ƙane, wasu gidajen hoto guda ne kawai ya rage musu na waɗanda suka tafi. Ga shi kuwa laimar Kumasi ba ta raga wa takarda, damina biyu a shekara, hoto ya yi fumfuna ko ya manne da gilashi, masu kala na shekarun 1980 da 1990 kuma sun fi baƙi-da-fari saurin koɗewa. Yaro ya shimfiɗa hoton kusa da taga inda babu zafin rana, ya ɗauke shi ba tare da walƙiyar kyamara ba, ya zauna ya tambayi tsohuwa sunan kowa, ya rubuta da fensir a baya. Kada a kai shi a liƙe da roba mai zafi, wannan kashe hoto yake yi. Ranar da tsohuwar nan ta koma ga Mahaliccinta, sunayen sun tafi tare da ita, mutanen cikin hoton su koma kamar Bahaushen nan na ma'ajiyar Turawa.

Wannan aiki yana da nauyi fiye da yadda ake zato. Mu da har yau akan tsare mu da tambayar daga ina muka zo, alhali kakan kakanmu a Tafo aka binne shi, muna bukatar abin da za mu nuna wa 'ya'yanmu su san tsawon zamanmu a garin nan da irin guminmu a cikinsa. Hoto ba takardar hukuma ba ne, amma shaida ne ga zuciyar yaro. Garin kuma canzawa yake yi a gabanmu. An sake ginin Kejetia, an taɓa tsohuwar babbar kasuwa, babban masallacinmu ma an sabunta shi aka buɗe a 2023. Wanda aka haifa bana ba zai san tsohuwar kamarsu ba sai in wani ya ɗauka ya kuma adana. A Ankara, shagon Deo Gratias da J.K. Bruce-Vanderpuije ya buɗe a 1922 ya zama taskar tarihin ƙasa ne domin zuri'arsa sun riƙe tsofaffin fina-finan hotonsa ba su zubar ba.

To, wa zai ɗaura wa kyanwa ƙararrawa? Gwamnati ta kafa ma'aikatar raya unguwannin cikin gari da Zongo a 2017, tare da dokar Asusun Raya Zongo a wannan shekarar, amma a 2021 aka soke ma'aikatar. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa abin da aka rataya a wuyan siyasa, da ita yake tashi da ita yake faɗuwa. A nemi haƙƙinmu wurin hukuma, wannan dole ne, amma kada a zauna jira. Abin da ake bukata a fara bai fi ƙarfinmu ba. Ana bukatar mai hoto guda mai mutunci daga cikin waɗanda suka daɗe suna yi mana aikin aure da suna, da yara biyar ko shida, da aji guda a wata makarantar unguwa, da kyamara biyu ko uku ko da tsofaffi ne, da alkawarin shekara biyu. Ƙungiyoyin matasa su zaɓi yaran, ƙungiyoyin mata su sa ido, 'yan'uwanmu na Amurka da Jamus da Ingila su tuna da mu da kyamarorin da suka ajiye a kabad, masu hali kuma su ɗauki nauyin ɗan abin da za a riƙa ba maigidan duk wata, don ba a ce mutum ya rufe shagonsa ya koyar da ruwan cikinsa ba. Ɗaliban jami'a 'yan Zongo da ke karanta fannin su riƙa leƙowa. Sarakunanmu da limamai su sa albarka, domin kalma ɗaya daga bakinsu ta fi takarda goma wajen buɗe ƙofofin gidaje.

Idan kuma wata ƙungiya daga waje ta zo da niyyar taimako, a karɓe ta hannu bibbiyu, amma a yi mata tambaya uku tun a zaure. Shekara nawa za ku yi tare da mu? Wane ɗan unguwa za ku horar ya riƙe aikin bayan tafiyarku? Hotunan da yaran suka ɗauka na wane ne? Dokar haƙƙin mallaka ta 2005 ta san hoto a cikin ayyukan da take karewa, kuma asali wanda ya yi aikin shi ne mai shi. A rubuta yarjejeniya, sunan yaro ya fito a jikin hotonsa duk inda aka kai shi, in an sayar rabonsa ya shiga karatunsa, kwafi kuma ya zauna a Zongo.

A ƙarshen kowace shekara, a ce washegarin Babbar Sallah, a wanke hotuna talatin ko arba'in a jera su a bangon makarantar, a gayyaci iyaye da maƙwabtanmu Tonawa da 'yan jarida su zo su gani. Ba duka yaran ne za su zama masu hoto ba, wataƙila ɗaya ko biyu ne cikin shida. Sauran za su fita da ido mai lura, da bakin da ya iya sallama da tambaya, da sanin sunan kakan kakansu, kuma wannan ba ƙaramar riba ba ce.

Muna roƙon duk wani mai hoto na Zongo, tsoho ko matashi, namiji ko mace, wanda yake shirye ya karɓi yara, da duk gidan da ke da tsofaffin hotunan da suke so a ceto, su rubuto wa wannan fili ta hannun edita, za mu yi ƙoƙarin haɗa mai nema da mai bayarwa. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a sana'o'inmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Sai wata mai zuwa in Allah ya kai mu.